Kwana 19 a asibitin masu shaye-shaye: abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

Wata ƙawata ta daɗe tana damuna in ba ta labarin asibitin da ya karɓi ƙanena, don ita ma tana da nata a gida. Na gaji da ba ta shi guntu-guntu a waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan asibitin ba zan faɗa ba. Akwai abin yabo, akwai abin kushe, kuma Kaduna da girmanta, in dai maganar abin kunya ce ƙauye take komawa. Na kuɗi ne dai, a tsallaken kogi, kuma sashen masu shaye-shaye yana can baya, bayan ɗakin haihuwa.

Ƙanen nawa, Auta, mai walda ne a Panteka. Da ƙarshen mako ya fara shan giya. Ran Asabar in an yi biya, sai su tsallaka gada shi da abokansa, ba za a gan shi ba sai Lahadi da hantsi. In na yi masa faɗa, abin da yake cewa ke nan: "Yaya, ni fa ba mashayi ba ne, sau ɗaya nake taɓawa a mako." A lokacin gaskiya yake faɗa. Sai dai sau ɗayan nan manyan kwalaben giya 7 ne ko 8, a ɗora da 'yar ledar barasa. Daga baya likita ya yi min lissafin a bayan katin asibiti: babbar kwalba mai santilita 60 tana ɗauke da kusan giram 24 na zallar barasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙirga giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai haɗari. Wato tun a kwalba ta uku ya wuce layi. Hanta kuma ba ta iya narkar da abin da ya wuce kamar giram 10 a awa. Kwalba 8 ke nan sai ta kusa cinye yini da kwana tana fama. A hankali Asabar ta jawo Juma'a, Juma'a ta jawo Alhamis, har aka kai ba ya iya riƙe abin walda da safe sai ya tsotsi leda ɗaya hannunsa ya tsaya. Wannan na ƙarshen ba mu sani ba sai a asibiti.

Da azumin 2024 ya matso, ya durƙusa gaban Umma ya yi rantsuwa ya daina. Umma har da kukan murna. Abin da bai faɗa mata ba shi ne kwana huɗu ya yi yana ban kwana da abin, ya rufe da daren Lahadi. Litinin 11 ga Maris aka tashi da azumi, shi ma ya ɗauka.

Wajen buɗa-bakin ranar na fara ganin ba lafiya ba. Na miƙa masa kunun tsamiya, kofin silba ne, sai na ji yana ƙara a haƙoransa, kaf-kaf-kaf, kunun na zuba a gaban rigarsa. Zufa ta jiƙe shi sharkaf. Muka ce azumin farko ne ga zafin Maris. Daren nan bai runtsa ba. Talata bayan azahar yana alwala ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, ya hau jijjiga, ya ciji harshensa har jini. Mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba tun haihuwa. Kawu ya ɗauko malami aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Ya ɗan lafa, muka ce an samu kansa. Can cikin dare ya fara gane-gane: kyankyasai na fitowa daga bango, wasu mutane sun tsaya a ƙofa sun zo kama shi. Yana ta tsintar abin da babu a kan zanin gado, yana yarwa. Ya kalle ni ya kira ni da sunan kakarmu da ta rasu tun yana firamare.

Kawu ya ce gari na wayewa a kai shi gidan mari. Ni kuwa hotunan Rigasa na Satumban 2019 ba su bar idona ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin gidan nan, wasu da sarƙa a ƙafa. Na ce sam. Maƙwabciyarmu nas ce, ita na buga wa ƙofa ƙarfe uku na dare. Ta taɓa goshinsa, ta riƙe hannunsa ta ƙirga bugun jini, ta ce yanzun nan asibiti, ba gobe ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ta fara ambata. Umma ta ƙi, wai kada duniya ta ce ɗanta ya haukace. Haka muka ƙare a na kuɗi, kuma wannan gudun-a-ce ya ci mana dukiya.

Zan fara da abin da ya sa har gobe nake ganin girman wurin. Ƙarfe huɗu na asuba muka isa, kuma akwai likita a farke. Ba nas ta ce a jira gari ya waye ba, ba waya aka buga wa wani yana gida ba. Saurayi ne, da silifas a ƙafa. Ya dubi Auta bai fi minti ɗaya ba, tambayarsa ta farko ita ce, "Yaushe ya sha na ƙarshe?" Kawu ya yi caraf ya ce, "Subhanallahi, likita, yaron nan ba ya shan komai, iska ce." Likitan bai yi musu da shi ba. Ya ce, "To Baba, a zauna a huta." Ya yafito ni zuwa baranda ya ce, "Hajiya, ke za ki gaya min gaskiya, don maganin da zan ba shi ya dogara da amsar." Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na faɗa masa duk abin da na sani.

Kafin a kira sallah sun tsaga yatsansa sun auna suga, sun auna jini da zafin jiki, sun yi masa allurar bitamin B1, sannan suka ɗaura ƙarin ruwa. Na tambayi dalilin bitamin ga mutumin da ke fisge-fisge. Ya ce mashayi kusan kullum yana da ƙarancinsa, saboda ba ya cin abinci sosai kuma giya na hana hanji tsotse shi, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta iya sarrafa suga sai da shi. In aka ɗura wa irinsa ruwan suga babu bitamin ɗin, ana iya jawo masa lalurar da ke taɓa ido da tafiya, wani ma ya tashi ba ya iya riƙe sabon abu a kansa har abada. Abin da ya sa nake nanata wannan, na san da a kemis ɗin unguwa muka tsaya, ruwan kawai za a rataya masa a ce ya samu ƙarfi.

Sai dayazefam, ta jijiya da farko, daga baya ƙwaya. Gabana ya faɗi da na ji sunan, don shi ne yaran unguwa ke saye suna buguwa. Likitan ya lura. Ya ce in ɗauka giya birki ce a ƙwaƙwalwa. Wanda ya shekara yana taka birkin nan kullum, ƙwaƙwalwarsa sai ta koyi danna totur don mota ta ci gaba da tafiya. Ranar da aka ɗage birki gaba ɗaya, totur yana nan a danne. Shi ne karkarwar, da zufar, da bugun zuciya, da jijjigar. Maganin aron birki ne, ana sassauta shi kaɗan-kaɗan har ƙwaƙwalwa ta ɗaga ƙafarta. Ya ce abin yana da jadawalinsa kamar jirgin ƙasa: karkarwa tsakanin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe, jijjiga galibi cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane masu tsanani daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Wannan matakin na ƙarshe, da suke kira diliriyam tiremens, yana kisa in ba a kula da shi ba. Na ƙirga da yatsa daga daren Lahadi. Ko awa ɗaya Auta bai kauce wa jadawalin ba.

Sai ya tambaye ni ko irin haka ta taɓa faruwa. Na ce a'a. Ya ce azumin bara fa? Nan jikina ya yi sanyi. Shekara uku a jere Auta yana kwantawa da "zazzaɓin farkon azumi", muna saya masa maganin maleriya, har tsiya muke yi masa wai ragon azumi ne. Likitan ya ce duk dainawa ta farat ɗaya takan bar ƙwaƙwalwa a shirye ta fi tayar da hankali a ta gaba. Ashe tsani muke hawa ba mu sani ba.

Kwana ukun farko su ne kuɗina ya halatta. Akwai wata takarda da aka maƙala a ƙafar gadonsa, nas na zuwa duk awa ta ce ya miƙe hannuwa ya ware yatsu, ta duba goshinsa, ta tambaye shi yau wace rana, ina yake, yana jin tashin zuciya, yana ganin wani abu. Ta rubuta maki ta tara. In makin ya hau, a ƙara magani, in ya sauka, a jinkirta. Wata dattijuwar nas 'yar Zangon Kataf, Hausarta tas, ita ke kwana da su. Ba ta taɓa ce masa babu kyankyasai ba, ba ta kuma ce akwai ba. Sai ta ce, "Ɗana, na gani kana tsoro, ga ni nan, ga yayarka nan." Ta hana a kashe fitila, ta ce duhu ke ƙara musu gane-gane. Dare ɗaya suka ɗaure masa hannu da zani a jikin gado don yana fisge ƙarin ruwa. Ban so ba, amma ta zauna kusa da shi, kuma yana yin barci ta kwance. Ran Asabar da safe ya buɗe ido ya ce, "Yaya, me nake yi a nan? Azumi nawa yau?"

Maganar azumin ma sun iya ta. Umma ta so ya ci gaba da zarar ya farfaɗo. Babban likitan wurin, wanda ke zuwa Litinin da Alhamis, ya zauna da ita ya ce, "Hajiya, Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Wannan marar lafiya ne." Ya tuna mata ayar da ke cikin Baƙara. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Gwajin jini ya nuna hantarsa ta ji jiki, hoto ya nuna kitse ya taru a kanta, amma ba ta kai ga ƙanƙancewa ba, kuma an ce irin wannan yana warwarewa in aka daina. An gwada shi ciwon hanta nau'in B, babu. A nan kuma ya amsa cewa yana haɗawa da tiramol in aiki ya yi yawa, wanda shi ma yana sauƙaƙa wa jijjiga hanya, kuma duk safiyar Lahadi sai ya watsa farasitamol huɗu ko shida don ciwon kai. Likitan ya riƙe baki. Ya ce hantar da giya ta gajiyar, farasitamol mai yawa ya fi komai saurin ƙarasa ta.

Zaman jinya makaranta ce. A gadon da ke kallon namu akwai wani magidanci, cikinsa ya kumbura kamar mai wata tara, idonsa rawaya shar. Kwana biyu da zuwanmu ya fara aman jini, aka ɗauke shi zuwa babban asibiti, ban sake jin labarinsa ba. Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa wani ɗalibi ne da aka shigo da shi ɗakin gaggawa wani daren Asabar. Shi ba mashayi ba ne ma. Bikin zagayowar ranar haihuwar aboki aka yi, aka yi gasar wa zai fi shanyewa, ya faɗi. Abokan suka kwantar da shi rigingine suka rufe ƙofa wai ya yi barci ya wartsake. Ya yi amai, aman ya bi ta huhu. Ya rayu, amma sai da ya sha iskar oksijin. Nas ɗin nan ta tara mu masu jinya a baranda ta nuna mana da jikinta: wanda ya bugu ya fita hayyacinsa, a kan gefensa ake kwantar da shi, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ɗura masa komai a baki. In an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa na ja da nisa, asibiti. Ta ce barasar da ke cikin ciki tana ci gaba da shiga jini bayan mutum ya kwanta, shi ya sa wani ke kwanciya da rai a wayi gari babu shi.

To, yanzu ɓangaren da ya ɓata min rai, kuma ba kaɗan ba ne.

Kuɗi. A daren farko, Auta na fisge-fisge a hannun mutum uku, mai karɓar kuɗi ta ce sai an ajiye naira 150,000 kafin a ba shi gado. A yi wa likitan adalci, bai jira ta ba, ya fara aikinsa. Amma ni ina tsaye gaban kanta ina neman wanda zai turo min kuɗi da asuba. Gaba ɗaya mun biya naira 540,000 a kwana 19. Adashina ya tafi, sarƙar Umma ta bi shi. Ba yawan ne ya fi ƙona min rai ba, rashin bayani ne. Rasit ɗinsu layi uku ne: gado, magani, sauransu. Mene ne sauransu? Sai da na yi kwana biyu ina sintiri kafin aka buga min dalla-dalla, a nan na ga an caje mu zaman ba da shawara sau 8. Ni ce mai jinya, sau 2 aka yi. Magani kuma dole a kantinsu za a saya. Na ɗauki kwalin bitamin ɗaya na tambaya a wani kemis a Kasuwar Barci, kusan rabin kuɗin ne.

Sirri babu. Wata ma'aikaciyar gaba ta taɓa ɗaga murya a cikin jama'a, ga mata masu awon ciki zaune reras, ta ce, "Ina 'yan uwan mai giyan nan na gado huɗu?" Na tashi ina ji kamar ƙasa ta tsage. Gidan da ya san kunya ce ke hana mutane kawo 'yan uwansu, shi ya kamata ya fi kowa iya bakinsa. Na kai ƙara, an ba ni haƙuri, washegari na ji ta yi wa wasu.

Janareta ana kashe shi sha biyun dare, sai fitilar sola, a zafin Maris, ga sauro, ga mutanen da jikinsu ke tsiyayar zufa dama. Abinci ba laifi. Banɗaki ɗaya ne na maza duka, shi ma dai a bar kaza cikin gashinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shagon da ke daura da ƙofar asibitin. Tun farkon Fabrairun shekarar NAFDAC ta sanar da fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Amma ga su nan a rataye jere, kamar omon wanki. Wannan ba laifin asibitin ba ne. Laifinsu shi ne ƙofar baya da ba mai tsaro, har wani majinyaci ya aiki yaro ya sayo masa, aka tsinci ledojin a cikin matashin kai. Auta ne ya gaya min, ya ce warin kaɗai ya hana shi barci.

Babban gibin kuwa yana bayan mako na farko. Sun iya fitar da mutum daga bakin kura, amma ba su san abin da za su yi da shi ba bayan nan. Kwana 12 na ƙarshe ci ne da barci da kallon talabijin. Mai ba da shawarar, a zuwa biyun da ya yi, Turanci yake yi da Burokin, Auta kuwa ciwon ransa da Hausa yake. Ba wanda ya zauna da shi ya tambaye shi ran Asabar ta farko in an yi biya, abokai suka ce a tsallaka, me zai ce musu. Ba wanda ya zauna da mu 'yan gida. Babban likitan ya ambaci wani magani, naltirezon, mai rage kwaɗayin sha, ya rubuta, kantinsu babu, sai da na zaga kemis biyar. Ran 1 ga Afrilu aka sallame mu da takarda ɗaya da "Allah ya kiyaye gaba". Sun ce za su kira bayan mako biyu. Wayata har yau tana jira.

Ƙaramar sallah ya yi ta lafiya. Da babbar sallah ya zame, kwana biyu. Bambancin shi ne da kansa ya zo ya same ni a kicin ya ce, "Yaya, na koma. Kada ki gaya wa Umma, kuma kada ki kulle ni." Ban kulle shi ba. Da safe muka tafi asibitin gwamnati, inda Umma ta ƙi da farko, aka duba shi, aka ce wannan karon bai kai ga kwanciya ba, aka ba shi ranar dawowa. Can yake zuwa yanzu duk wata, kuɗin bai kai na cefanen mako ba, sai dai layi.

Ƙawata ta tambaye ni kai tsaye ko ta kai nata wurin. Na ce in yana sha kullum, in hannunsa na rawa da safe, ko ya taɓa faɗuwa, kada ta kuskura ta kulle shi a ɗaki ta ce ya daina yau, ko da ya rantse da Alƙur'ani shi ya nema. Ta fara kai shi gaban likita, kuma in azumi take hari, tun Rajab za ta fara, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk inda za ta kai shi ta tambaya ko likita na kwana, ko suna da allurar bitamin B1 a ajiye, da kuma inda suke tura mutum in abin ya fi ƙarfinsu. In suka fara yi mata zancen horo da tarbiyya kafin zancen magani, ta ɗauki jakarta. Wannan asibitin, don mako na farko, zan iya komawa. Amma zan ce a sallame mu a kwana na bakwai, zan nemi rasit dalla-dalla tun ranar farko, kuma zan ƙirga zaman shawara a bayan littafina.

Kuɗin zama 6 da ba a yi ba, naira 36,000 ne. Na je sau uku. Zuwan farko akanta ya tafi masallaci, na biyu ya tafi banki. A na uku na same shi, ya duba takarduna sama da ƙasa, ya ce za a mayar min, amma ba a hannu ba: za a ajiye mana ne a asusun majinyaci, "ko da Allah ya sa kun dawo."